Ƙugin da Maigidana Bai Ji Ba

Maigidana manomin tumatir ne a bakin dam ɗin Watari, amma kafin aurenmu ya daɗe a Kano yana kaɗa jitar bes, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ake jin muryarta har cikin ƙirji. Iyayensa daga wajen Borno suka zo, shi a birni aka haife shi, noman rani ne ya kawo shi Bagwai. Bai rabu da jitar ba. Akwai wani mawaƙi a garinmu da ke tafiya da shi wasan biki ko taron ƙungiyar manoma, tare da mai fiyano da mai ganga.

Bayan wata damina mai yawan ruwa, wata rana ya dawo daga gwajin waƙa da azahar, ya jingine jitar a bango, ko kallon abincin da na ajiye bai yi ba.

"Malam, lafiya?" na tambaye shi.

"Wai jitata ƙugi take yi. Mai fiyano ya ce tana ɓata musu sauti. Ni ban ji komai ba. In sun gaji da ni su fito su faɗa mana, ba sai sun ɗora wa jita laifi ba."

Na rufe kwanon abincin. Na jima da sanin kunnensa ya yi nauyi. Baƙo zai yi ta sallama a zaure yana zaune bai amsa ba, rediyo kuwa sai maƙwabta sun ji labaru tare da mu. Ya sha tsayuwa gaban manyan sifiku, ya kuma sha wuni kusa da injin ban ruwa. Shi bai taɓa yarda ba, ni kuma nauyin faɗa nake ji.

Washegari da hantsi ina tankaɗen gari a tsakar gida, ya fito da ƙaramar sifikarsa, ya haɗa ta da batirin sola, ya jona jitar. Tun bai taɓa tsirkiya ba wata ƙara ta cika gidan, zuuu, kamar rina ta faɗa cikin tulu.

"Kin ji ko? Tas take," in ji shi.

Na ajiye rariyar. "Malam, akwai ƙara."

"Ke ma?"

"Ni ma na ji ta."

Ya daɗe yana kallon sifikar. Na zata faɗa zai yi. Sai na ga ya kai kunnensa na hagu dab da ita, fuskarsa ta sauya. Da ya ɗago, muryarsa ta yi ƙasa.

"Wanke hannunki ki zo. Ni na san inda ake nema, ke kuma kina ji."

Na zauna a tabarma kusa da shi. Ya cire cajar wayoyin da ke jikin batirin, na ce tana nan. Ya sauya wayar da ta haɗa jitar da sifika, ya sa tsohuwar da ke cikin jaka, na ce ba ta ragu ba. Ya ɗauki kayan ya koma gindin darbejiya, nesa da wayoyin lantarkin ɗaki, duk ɗaya. Zufa ta jiƙa masa riga. Ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin ya dube ni, na girgiza kai. Garin gyara zama yatsansa ya taɓa ƙarfen bakin ramin da ake soka waya a jikin jitar.

"Tsaya! Ta yi shiru."

Ya ɗaga yatsan. "Ta dawo," na ce. Ya mayar, ta ɗauke.

A nan na ga murmushinsa na farko tun jiya. Ya ce akwai wata siririyar waya da ke kwance ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi, ita ke kwashe irin wannan ƙarar in makaɗi ya taɓa su. Tunda taɓa tsirkiya bai yi amfani ba, to ita ce ta saki. Ya sassauta tsirkiyoyin, ya kwance ƙarfen da sukundireba. Ga wayar nan, bakinta ya yi kore da tsatsa saboda danshin ɗaki. Ya fere ta da reza har jan ƙarfenta ya fito, ya kankare bayan ƙarfen, ya baje bakin wayar, ya ɗaure komai tam.

Da ya sake jonawa ya riƙe jitar yadda ya saba, ba abin da nake ji sai kukan kajina.

"Ta tafi, Malam."

Ya yi ɗan kiɗa kaɗan, a hankali, sannan ya tsaya.

"Tun yaushe kika lura da kunnen nan?"

"An jima."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa za ka ji?"

Ya yi dariya har da ƙwalla, ban san ko ta mece ce ba. Da la'asar ya sa hula ya tafi shagon mai fiyano ya ba shi haƙuri.

Da aka gama kwasar tumatir muka je asibiti a Kano. Likita ya ce kunnen dama ya riga ya yi nisa, amma na hagun in an kiyaye shi zai daɗe. Ya hana shi tsayuwa gaban sifika, ya ce ya riƙa toshe kunne in zai tayar da inji. A motar dawowa ya sa wani bawan Allah ya matsa, don in zauna ta hagunsa, muka yi ta hira har Bagwai.