Kujerar da na nema, ɗalibata ce ta samu

Ina zuba gahawa Nafisa ta shigo da gudu. Ni na horar da ita kan koyar da yaran rawda, wato ƙananan da ba su kai shiga firamare ba, a nan Gadarif.

"Ustaza, an sa ni a kwamitin da zai tsara fara karatun yara da harshen gida!"

Ni ma na nemi kujerar nan. Shekaru na yi ina bincike a kai, har garin Mafaza na je na zauna kan tabarma da yara.

Na ce, "Mabruk, 'yata." Finjalin ya cika yana zuba, ban lura ba.

Ta ce, "Za ki duba mini abin da zan faɗa musu?"

Na duba, na gyara mata tsakani da Allah. Kishin dai yana nan. Malamai, kun taɓa jin haka?