Goron Sanƙira

Tun ranar Lahadi na kasa zama wuri ɗaya, kuma Inna Tumba ce ta hana ni, ita da ta daɗe da rasuwa. Kakata ce, Musulma, ba ta taɓa taka ƙofar majami'a ba. A Tozai, da an ci tuwon dare sai ta tara mu bakin murhu tana gasa mana gyaɗa, wanda ya yi gyangyaɗi kuwa ta zungure shi da kara.

Akwai labarinta na sanƙiran hakimi, wato mai shela. Masunta suka ce gulbi na tafe a cike. Hakimi ya aike shi ya gaya wa kowa ya kwashe dammunan geronsa daga gonakin bakin ruwa. Sanƙira kuwa Allah ya ba shi murya. Ya yi wa hakimi kirari, ya wasa gulbi, ya yabi gero da manomansa. Mata suka rangaɗa guɗa, maza suka cika masa aljihu da goro. Maganar kwashe gero ya cusa ta a tsakiya, ta ɓace. Kafin asuba ruwa ya tafi da komai.

"To, mi al laihinai?" in ji Inna. "Bai yi ƙarya ba ko guda. Amma ba don a ji daɗinai anka aike shi ba."

Yau ni ne mai wa'azi a wata ƙaramar majami'a a Isa. Cikin jama'ata akwai Bitrus, magidanci, wanda 'yan bindiga suka kashe wa ƙane a gona. Na ji ya sayi bindiga, yana zargin wani makiyayi maƙwabcinsa da kai musu rahoto. Dominsa na shirya wa'azin gafara. Na zuba Hausa, na jero ayoyi, har ni kaina na ji daɗin kaina. Da aka tashi ya kama hannuna yana murmushi.

"Malam, yau ka burge mu. Muryag ga taka, sai kai!"

Goron sanƙira ya miƙo mini.

Sai a lokacin na gane maganar Inna. Mai wa'azi ɗan aike ne, saƙon ba nasa ba ne, kuma in bai isa kunnen mai shi ba, to bai yi aiki ba. Jiya na tafi gidan Bitrus, babu takarda a hannuna.

"Bitrus, da kai nika yi ran Lahadi. Almasihu ya yahe ma waɗanda sunka gicciye shi. Ba ni bindigag ga."

Bai yabe ni ba. Ya tashi ya shige ciki, ya bar ni a kan tabarma, ko ruwa ba a kawo mini ba. Bindigar tana wurinsa har yanzu, kuma ina jin tsoro. Amma wannan karon ya ji, kuma gobe da sassafe za ni koma.