Kujerar da Mai Tef Ya Haɗa wa Matarsa

Shekara talatin da ɗaya Mai Tef ya yi yana haɗa kujerun kushin, kuma tef ɗin awo ba ya barin wuyansa sai in zai shiga wanka. Nan sunan ya samo asali. In ka je shagonsa da hoton kujera, ko kallon hoton ba zai yi ba, sai ya hau yi maka wa'azi. Falon baƙi a sa masa mai tauri, don mai ziyara ya tuna yana da gida. Inda yara ke wasa a nemi yadi mai duhu, wanda ko miya ta zube ba zai tona asiri ba. Ta tsoho kuwa a ɗaga ta, kada ya zauna ya kasa tashi. Sai ya rufe da dokarsa: a auna ƙofa, a auna ɗaki, a auna mai zama.

To, shi fa nasa falon? Allah Sarki! Duk kujerun da masu su suka ƙi karɓa ne: wannan koriya, waccan ruwan hoda, ga wata mai ƙafa uku an tokare ta da bulo. A kansu matarsa ta tsufa, ba ta taɓa cewa uffan ba. Ranar da likita ya ce bayansa ya gama aiki, kunya ta kama shi. Ya yi mata alkawari cewa kujerar ƙarshe da hannunsa zai haɗa, tata ce.

Wata biyu ya yi a kanta. Katako mai nauyi, soso na ƙwarai, yadi ruwan zuma, mai cin mutum uku a sake. Ranar kai ta gida maƙwabta suka fito kallo, shi kuwa yana gaba yana ba ƙarti huɗu umarni, sai ka ce shi ya ƙirƙiro zama.

Kujera ta iso ƙofar falo ta tsaya cak. Aka karkata ta, aka miƙar da ita tsaye, aka cire ƙyauren gaba ɗaya. Ina! Yatsa huɗu suka hana.

"Malam," in ji maƙwabcinsa tela, "ko tef ɗin ne ya ɓata?"

Tef ɗin kuwa yana nan rataye a wuyan Mai Tef. Har yau in yana ba da labarin, shi yake fara yi wa kansa dariya: ya haddace faɗin ƙofar rabin gidajen unguwa, ban da wadda yake bi sau goma a rana.

Aka ajiye kujerar a baranda. Ya share gumi ya ce da matarsa, "Hajiya, ki dai zauna ki ji."

Ta zauna, ta jingina. Sai ga ƙafafunta suna reto a sama, taƙi guda tsakaninsu da ƙasa. Ashe da dogayen ƙafafunsa ya gwada tsayin. Wannan karon ko tela bai yi dariya ba, kuma abin ya fi na ƙofar yi wa Mai Tef ciwo. Ya shiga ya ɗauko zarto don ya rage ƙafafun kujerar.

"Ajiye zarton nan tukuna, Malam," in ji ta. "Shekara talatin da ɗaya ina kallon tef ɗin nan a wuyanka. Ciro shi."

Ya ciro. Ya durƙusa da ƙyar, dafe da baya, ya auna daga gwiwarta zuwa diddige. Inci goma sha huɗu. Wallahi bai taɓa sani ba.