Mama Liyatu, Mai Jinyar Waɗanda Ba Su da Kowa

Kafin rana ta yi zafi, Mama Liyatu ta gama dama kunun gyaɗa, ta cika fulas, ta tari keke daga Damilu zuwa asibiti. Ba ta tambayar majinyaci garinsa ko addininsa. Gadon da ta ga babu kowa a gefensa, nan take zama. Ta goge wa mutum jiki, ta ba shi kunu a baki, ta wanke masa zani. Haka ta yi ta yi shekara da shekaru, sai bana da gwiwoyi suka ƙi, ta miƙa aikin ga zumuntar mata ta cocinsu.

Mutane na zaton da natsuwa ta fara. Ina! Da ɓacin rai ta fara.

Wata Lahadi, Malam Zakariya, mai bishara a ƙaramar majami'arsu, ya ce a wa'azi: "Ceto alheri ne. Kyauta Ubangiji ya ba mu ta wurin Yesu Almasihu. Ba azumi ne ya kawo shi ba, ba kuɗin baikon coci ba, ba sharar coci ba."

To, Liyatu ce mai sharar cocin tun tana da goyo. Ana tashi daga sujada ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, da ni kake? Duk wahalar nan a banza na yi?"

"Ba a banza ba, Mama. Amma tun kafin ki ɗauki tsintsiya aka karɓe ki."

"To mai kwance da mai aiki duk ɗaya ke nan?"

Ya yi ta bayani, ita kuwa kanta sai ƙara ɗaurewa yake. Ta koma gida, ta daina shara.

Ana cikin haka Mubi ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya. Ɗanta Tizhe yana koyarwa a can, wayarsa ta daina shiga. Kullum sai Liyatu ta je tasha a Jimeta tana leƙa kowace mota, tana duban fuskokin masu sauka da kumburarrun ƙafafu. A nan wata matashiya mai hijabi, Aminat, ta riƙe mata bakin zani. Kusa da ita surukarta ce kwance, zazzaɓi na kaɗa ta.

"Dada, uwarmu, ko ruwa ne ki taimaka mana."

Liyatu ta tsaya. Ita ɗanta take nema, ba 'ya'yan wasu ba. Tsoro da haushi suka cika mata ƙirji, ta juya za ta tafi. Sai maganar nan da ta hana ta sakewa ta faɗo mata: an karɓe ki tun ba ki yi komai ba. Ba ta san lokacin da bakinta ya ce, "Ku tashi mu je gida," ba.

Unguwa ta ɗauka. Lokacin kowa na tsoron baƙo. Mai gidan da take haya ya zo da kansa.

"Kin san su? In wani abu ya faru, ke za a kama, ni kuma zan fitar da kayanki waje."

"Ban san su ba, Baba. Ni kaina ban san abin da nake yi ba. Amma ba zan mayar da su tasha ba."

Ya tafi yana faɗa, bai dai kore ta ba. Da ciwon tsohuwar ya tsananta, Liyatu ta kai ta asibiti. A can ta ga gadaje cike da 'yan gudun hijira, babu mai miƙa musu ko kofin ruwa. Tsohuwar ba ta tashi ba. Aminat, wadda yanzu take sayar da awara a Adarawo, ita ta shaida mana cewa Liyatu ce ta je ƙofar masallacin unguwa ta nemo masu sallar jana'iza, ita ta ɗebo ruwan wanka. Washegari kuma ta koma asibitin da kunu.

'Yan'uwa a coci suka riƙa ce mata, "Allah zai sāka miki, Tizhe zai dawo." Har yau Tizhe bai dawo ba, ba a ji labarinsa ba.

Ta sake tare Malam Zakariya.

"Malam, da ciniki ne, da na ce an cuce ni. Ka ce ba ciniki ba ne. To me ya sa na kasa dainawa?"

Ya ce, "Wataƙila alherin ne ya cika ki har yake zuba."

"Wataƙila," ta ce. Ba ta ce ta gane ba, kuma har yanzu ba ta faɗa ba.

Mama Liyatu, ke ce kika je neman ɗa guda, kika dawo da na mutane. Ke ce kika shanye hawayenki, kika share na baƙi. Uwar marasa mai jinya, mun gode. Ubangiji ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya ta'azantar da zuciyarki.

Mu kuma da muke jin wa'azin alheri kowace Lahadi muna gyaɗa kai, kada mu jira sai mun gane komai. A asibitocin Yola yau ma akwai gadon da babu kowa a gefensa. Wani a cikinmu ya je ya zauna.