Tef ɗin Baba da ƙofar banɗaki

Babanmu tela ne. Shekara arba'in da biyu ya yi a ɗan shagon da ke jikin gidanmu, daga shi sai keken ɗinki, da teburin yanka, da wani benci da masu jiran kaya suka goge da zama har yana ƙyalli. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin wuyansa babu tef ɗin awo ba, wani na ƙyalle mai ruwan ƙwai wanda lambobinsa suka fara dushewa. Da shi yake cin abinci, da shi yake zuwa duba mara lafiya. Mutum ne mai sanyin hali, bai iya cewa a'a ba, kuma hannunsa na da kyau, wannan ko wanda suka yi faɗa ba ya musu. Aibinsa ɗaya ne, alkawari. In ya ce maka Laraba, gara ka tambaye shi ta wane mako.

Bai taɓa sa kowa aiki a rayuwarsa ba sai bara, da aka yi wa Mama aiki a baya, ƙafafunta suka daina ɗaukar ta. Likita ya ce za su riƙe ta mako uku suna koya mata zama da kujera mai taya, daga nan sai gida. Hannuwanta lafiya lau, bakinta kuwa ya fi da kaifi. Ranar da muka je mu uku, ni da Baba da Yaya, babban wanmu, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ku ji da kyau. Ba zan koma gidan da za a riƙa ɗaukata kamar buhu ana kai ni banɗaki ba. Ni na wanke ku, ba ku za ku wanke ni ba."

Ƙofar banɗakinmu kuwa siririya ce, ga wani ɗan tudu a bakinta. Dole a faɗaɗa ta, a sauke tudun, a sa ƙarfen riƙewa a bango. Yaya ne ya samo ɗan kwangila, ya haɗa mu da shi, ya koma garin da yake aiki, ya bar mu da saƙonnin murya.

Ɗan kwangilar ya zo da takalmi mai sheƙi da wayoyi biyu. Kafin kwana biyu mun sa masa suna Ba Matsala, don duk abin da aka tambaye shi amsar ke nan. Ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa sama, ya ce aikin kwana goma ne. Sai ya ce a kawo kujerar ya auna, ko a kai shi asibiti ya gani.

Baba ya shafa tef ɗin wuyansa. "Ɗana, awo kuma? Tun ba a haife ka ba nake awo. Na auna ta jiya, inci ashirin da biyar. Na ƙara ɗaya don ta sake. Ka yi ashirin da shida."

"Baba, kada in ƙara wani abu a kai?"

"Na riga na ƙara."

"Ba matsala."

Washegari da sassafe mutum huɗu suka shigo da guduma. Kafin rana ta take sun cire ƙofa, sun rushe rabin bango, sun tumɓuke masai sun ajiye shi a tsakiyar falo kusa da talabijin. Na ji daɗi ƙwarai, na kira Yaya na ce masa ya samo mana mutumin kirki. Daga ranar ba mu sake ganin ko ɗayansu ba sai bayan kwana biyar.

Na kira wayar farko, a kashe. Na kira ta biyu, ya ce yana hanya, har yana hango kwanar layinmu. Na fita na tsaya a kwanar har ƙafata ta gaji. Da na dawo ina huci, na tarar da Baba zaune a kan buhun siminti yana murmushi shi kaɗai.

"Baba, me ya ba ka dariya?"

"Ya yanka yadin," ya ce. "In mai kaya ya kawo ɗinki, ranar nake sa almakashi. Da zarar an yanka, ina zai kai? Sai in ajiye in kama na wani. Wannan yaron ya san sana'a."

Ni ban ga abin yabo ba. Amma abin da ya hana Baba yin fushi ke nan har ƙarshe. Duk ƙaryar da Ba Matsala zai yi, Baba ya riga ya yi ta, wani lokacin ma shi yake ƙarasa masa ita. Mutumin zai fara, "Wallahi Baba, mai kawo yashi ne..." sai Baba ya ce, "Motarsa ta lalace." Sai su yi dariya tare, ni kuma in shiga ɗaki in rufe ƙofa.

Da suka dawo ne kaina ya ɗaure gaba ɗaya. Magini ya ce ba zai ɗora bulo ba sai mai famfo ya kawar da wani bututu da aka tarar a cikin bango. Mai famfo ya zo ranar da magini bai zo ba, ya ce ba zai taɓa bututu ba sai ya ga inda bulo zai tsaya. Mai tayil ya riga su duka zuwa, ya shimfiɗa layi biyu masu kyau, washegari mai famfo ya fasa su. Na tambayi Ba Matsala wa ya kamata ya fara. Ya ce dukansu. Yaya kuma daga can ya tura wa Ba Matsala saƙo a canza launin tayil, aka canza, ba wanda ya gaya mana. Baba ya ce a mayar da na da. Na lura wanda duk ya yi magana da Ba Matsala a ƙarshe, shi ne mai gidan a wurinsa. Wata rana har maƙwabcinmu, wanda banɗakinsa muke shiga a lokacin, ya leƙo ya ce shi da ƙarfen riƙewa a hagu zai sa. Aka sa a hagu.

Kullum in na je asibiti Mama za ta tambaya, "An gama?" In ce saura kaɗan. Ta ce, "Kaɗan irin na babanku, ko kaɗan na mutane?" Ni kaina in na tsaya a falo ba na iya gane ko gini ake yi ko rushewa.

Abin mamaki, ana gobe za a sallame ta komai ya haɗu. Mutum bakwai suka cika gidan suna taka ƙafar juna. Masai ya koma mazauninsa, tudu ya ɓace, aka kafa sabuwar ƙofa fara tas. Ba Matsala ya ja tef ɗinsa na ƙarfe a gaban Baba, daga katako zuwa katako, ashirin da shida cif. Baba ya dafa kafaɗarsa ya sa masa albarka.

Da hantsi muka kawo Mama. Yaya ya zo musamman. Ta hana kowa tura ta, da hannunta ta murza tayoyin daga bakin ƙofar gida, ta ratsa falo, ta nufi banɗaki kai tsaye ba ta ko zauna an gaisa ba. Tayoyin gaba suka shiga. Na baya suka daki katako, ƙwas.

Ta ja baya, ta daidaita, ta sake gwadawa. Ƙwas.

Nan fa kowa ya fara magana lokaci ɗaya. Yaya ya ce an cuce mu. Ba Matsala ya ja tef ɗinsa a ƙofa, ashirin da shida. Baba ya durƙusa ya auna kujera da nasa, ashirin da biyar. Suka sake, lambobin ba su canza ba. Yaya ya ce to asibiti sun musanya kujerar. Magini ya ce wataƙila katako ne ya kumbura. Ni na tsaya ina kallon abu mai inci ashirin da biyar ya ƙi shiga ƙofa mai ashirin da shida, har na fara tunanin ko ni ce ban iya ƙirga ba.

Mama ce ta ce, "Ku shimfiɗa su a ƙasa, kusa da juna."

Aka shimfiɗa tef biyu a kan sabon tayil. A farko lambobin suna tafiya tare. Daga goma na Baba ya fara zarcewa. Inda nasa ya ce ashirin da biyar, na ƙarfe ya riga ya wuce ashirin da shida. Ja da gumi na shekara arba'in da biyu sun miƙar da na Baba.

"Ba zai yiwu ba," Baba ya ce a hankali. "Ban taɓa ɗinka wa mutum rigar da ta matse shi ba."

"Malam, da shi kake aunawa, da shi kake yankawa, ina za ta matse?" Mama ta ce. "Ni na sani tun shekarar da ka auna gado muka sayo katifa ta zo guntuwa. Na ga ba ya cutar da kowa, na bar ka da abinka."

Ban taɓa ganin Baba ya tsufa kamar wannan lokacin ba, kuma tausayinsa ya kama ni har na manta haushin mako uku.

Ba Matsala, a karo na farko, bai ce ba matsala ba. Ya ce a ba shi kwana uku, a cire katako, a sare bango, a yo wata ƙofar. Yaya ya naɗe hannun riga ya ce, "Mama, kafin nan ni zan riƙa ɗaga ki, taku biyu ne kawai."

"Kada ka taɓa ni." Ta juya ga ɗan kwangila. "Ɗana, gudumarku tana nan?"

"Tana mota, Mama."

"Ɗauko. Ina nan zaune. Ba kyau nake nema ba, hanya nake nema."

Ta ja kujerarta gefe ta harɗe hannu. Wannan karon babu wanda ya ce sai wani ya fara. Magini ya ɓalle sabuwar ƙofar, aka jingine ta a falo, guduma ta shiga bangon da aka shafe jiya. Ƙura ta rufe kujeru, ta sauka a ɗankwalin Mama, amma Mama ta ƙi yarda a fitar da ita waje. Na kawo mata ruwa ta ce ba za ta sha ba tukuna, kuma na gane dalili. Awa uku ta yi a haka. Baba yana kwashe ɓaraguzai da hannu, an ce ya bari ya ƙi.

Da aka share ƙasa, abin da ya rage wani rami ne mai baki kaca-kaca, bulo a waje, babu katako babu ƙofa. Mama ta murza tayoyinta. Ta shige ba ta goga ko'ina ba.

"To, kowa ya ba ni wuri," ta ce daga ciki.

Muka fita tsakar gida gaba ɗaya, mu da ma'aikatan, muka tsaya cirko-cirko, kowa fari fat da ƙura. Can sai muka ji ta kunna famfo. Baba ya zauna a kan bokitin fenti, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa, ban gane ko kuka yake ko dariya ba.