Gishiri a Kan Jariri

Shekaranjiya maƙwabciyata ta haihu, aka ɗora tukunyar wankan jego. Warin dafaffen ganyen darbejiya ya tsallako katanga ya same ni ina tsinkar zogale, sai na ajiye zogalen. Wasu in sun shaƙi wannan warin barka suke tunawa. Ni kuwa har gobe tsoro yake sa ni. Bari ka ji dalili.

A wani ƙauye na tashi, a kan hanyar Daura zuwa Zango. Ni ce 'yar fari, don haka tsakanina da Innata sai kallo daga nesa. Ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni. "Ke" ne sunana a bakinta, in na ƙure ta kuma ta ce "ke yarinyar nan". Kakata, uwar babana, ita ta raine ni, a ɗakinta nake kwana. A bayana Inna ta haifi maza uku, babu wanda ya kai yaye. Biyun farko ba na iya tuna fuskarsu. Na ukun kuwa na goya shi, na san nauyinsa a bayana, kuma ina tsaye a tsakar gida ranar da aka naɗe shi a farin ƙyalle aka fita da shi. Daga nan mutanen gari suka fara ce wa Inna mai wabi, wato wadda 'ya'yanta ba sa zama.

A bazarar da cikinta na biyar ya tsufa, tunkiyar Kaka ta haifi tagwaye. Ta lashe ɗaya tas, ta ba shi nono. Ɗayan kuwa da ya matso sai ta sa kai ta tunkuɗe shi, ya faɗi ya tashi, ya sake matsowa, ta sake tunkuɗewa. Kafin washegari kukansa ya koma kamar na mage. Kaka ta yi tsaki, ta ɗebo gishiri ta jiƙa a tafin hannunta, ta shafe masa kai da gadon baya, ta tura shi gaban hancin uwar. Tunkiya ta shinshina, ta lasa, ta ƙara lasa. Gishiri ya ƙare ba ta daina lasa ba. Can sai ga shi a ƙarƙashinta yana tsotso, jela na rawa.

Na ce, "Kaka, da ba ta lasa ba fa?"

Ta ce, "Sai juji mana. Wanda uwa ta ƙi ina zai je?"

Jujinmu a bayan gida yake. Nan ake zubar da toka da shara, nan ake jefa mushen kaza, kuma na sha ganin abin da karnuka da angulu ke bari a wurin.

Ba a yi wata guda ba Inna ta sauka, namiji. Na shiga ɗakin ina tsalle, sai na tarar ta juya fuska ga bango. Jaririn na gefe a kan tsumma, ja wur, yana wutsil-wutsil da ƙafa. In za ta ba shi nono sai ta kau da kai kamar mai shan magani mai ɗaci. Ba ta yi masa wasa, ba ta ce masa komai. Mata suka yi ta zuwa barka, wata ta yi subul da baka ta ce, "Kai, yaro tubarkalla!" Kaka ta taso mata kamar za ta cinye ta ɗanya: "Wane yaro? Wannan mummunan abin? Ki ɗauke shi ki tafi da shi in kina so." Matan suka yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Na ga irin wannan a turken tumaki, na kuma san inda yake ƙarewa.

Ana gobe suna, babana ya tafi kasuwar Mai'aduwa neman rago. Lokacin shekarun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci ne, ko'ina wa'azi, kuma baffana, ƙanen babana, ya shiga abin da ƙarfinsa. Ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, kullum kaset na tashi a ɗakinsa. Ina bayan rumbu ina wasa da 'yar tsana na ji yana magana da Kaka da murya ƙasa-ƙasa.

"Iya, ki ji tsoron Allah. Ɗan mutum a juji? Wannan jahilci ne. Yanzu fa shari'a ake yi, in maganar nan ta fita ba ruwana."

Kaka ta ce, "Kai da ba ka taɓa wanke gawar jariri ba za ka koya mini tsoron Allah? Uku na wanke da hannun nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Gobe da sassafe zan kai shi, uwarsa ma ta yarda."

Uwarsa ma ta yarda!

Kai mai karatu wataƙila ka san al'adar. Ajiye jaririn mai wabi ake yi a kan juji na ɗan lokaci kaɗan, wata tsohuwa ta zo ta ɗauka kamar tsintuwa ta yi, ta mayar wa uwar riƙo. Wai duk abin da ke ɗauke 'ya'yan ya ga wannan ba a damu da shi ba, ya wuce. Zagin da kau da kai duk cikin dabarar suke. Amma wa zai zauna ya yi wa 'yar shekara takwas wannan bayanin? Inna ba ta magana da ni. Kaka kuwa in ka tambaye ta abin manya, muciya ce amsarka. Rashin sani ya fi dare duhu, ni dai abin da na sani shi ne gobe karnuka.

Da la'asar aka sauke tukunya, Inna ta shiga bayan ɗaki wankan yamma, Kaka na biye da ita da damin ganye. Mata uku ko huɗu na tsakar gida suna surfen geron suna. Na saci jiki na shiga madafi, na cika hannu da gishiri, na tsoma a randa, na faɗa ɗakin Inna. Yana barci. Maɗigarsa na bugawa a hankali, sama da ƙasa. Na shafe masa kai, na shafe goshi, na shafe kumatu. Na ga kamar bai isa ba, na ƙara. A raina ina cewa ɗan tunkiya ma an cika masa, balle mutum.

Zafin bazara ne, ɗakin mai jego kuma da garwashi a ƙarƙashin gado. Gumi ya kwaso gishirin ya gangara da shi cikin idanunsa. Ihun da yaron nan ya tsala, ban taɓa jin irinsa daga bakin jariri ba. Ya sanƙare, ya yi baƙi, numfashi ya ɗauke.

Ban san lokacin da Inna ta shigo ba. Zani a hannu, jikinta na tururi, ganye manne a kafaɗarta. Ta fizge shi ta fito haske, ta ga farin gari a girarsa, ta ɗanɗana. Sai ta sa harshe ta shiga lashe masa ido, ta tofar, ta lashe ɗayan, ta tofar, ta lashe goshi da kai, tana kuka tana cewa, "Ɗana! Wayyo ɗana! Ɗana, kada ka yi mini haka!" A gaban matan nan duka, da ƙarfi, har maƙwabta na ji. Yaro ya ja numfashi ya saki kuka.

Ka san abin da na ji a lokacin? Daɗi. Na ce a raina, gishiri ya yi aiki.

Sai na waiga na ga Kaka. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka. Tsohuwar da ban taɓa ganin ta ji tsoron kowa ba, yau ga ta a tsorace. Ta ce wa Inna, "Shi ke nan. Kin faɗa. An ji."

Inna ta juyo kaina. "Ke, wa ya aike ki?"

Na ce, "Don ki lashe shi ne, kada a kai shi juji."

Taɓarya ta tsaya a turmi. Inna ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta daɗe tana dubana. Ba ta doke ni ba. Da ta doke ni da ya fi mini sauƙi.

Ba a kai shi juji ba, Kaka ta ce ba sauran amfani tunda asiri ya tonu. Baffa ya yi ta murna, a zatonsa wa'azinsa ne ya ratsa. Ni kuwa a ranar wata maƙwabciya ta warware mini abin da ake nufi, tsoro na gaske ya fara. In ya yi tari sai in ce na kashe shi. In jikinsa ya yi ɗumi ba na iya haɗiye tuwo. Da ƙyanda ta kama shi yana rarrafe, Inna ba ta jira izinin kowa ba, ta goya shi ta hau bayan babur ɗin Baffa sai asibitin Daura. Tunda ta riga ta faɗa, ba ta da abin ɓoyewa kuma. Suka dawo da shi duk ƙashi, amma da rai. Aka yaye shi. Ya yi tafiya, ya yi rashin ji, ya sha bulala.

Yanzu zamani ya juya. Mata na zuwa awo, ana riga-kafi, jujin ma an yi gini a kansa. Yaran yau ranar da aka haihu a ranar hoton jariri ke zagaye wayoyi, kowa na yaba kyansa, ni kuwa ina ta jera tubarkalla. Ƙanen nawa ya zama magidanci, yana jigilar kaya a babur zuwa Kwangwalam, can bakin iyaka. Da na je gida kwanakin baya ya yi jinkirin dawowa, aka kira magariba bai shigo ba. Na tarar da Inna tsaye a zaure da sandarta, ta ƙura wa hanya ido.

Na ce, "Haba Inna, mai gemu da 'ya'ya biyu kike wa tsaron ƙofa? Ai ɗan nan naki ya zauna, an bar miki shi."

Ta kama hannuna ta matse, ba ta ɗauke ido daga hanya ba.

"Wa ya ce miki an bar mini? Mantawa aka yi da shi. Rage murya, kada a tuna."