Gwaggo Mai Lauje, Wadda Ta Tsare Gamba

Kafin rana ta yi zafi Gwaggo Mai Lauje ta isa filinta na bayan gidaje, lauje a kafaɗa, kwandon kashin awaki a ka. Ta bi shinge ta toshe inda dabba ta huda, ta watsa taki a gindin gamba. Da saukar damina kuma sai ta tsaga manyan gindi da fartanya, ta dasa a inda ya yi sanƙo. Haka muka taso muka gan ta. Yanzu baya ya ƙi, za ta ajiye laujen, ni kuwa na rantse ba za ta ajiye shi a shiru ba. Mai jin haushi ya ji.

Ai an sha yi mata dariya. "Mutane na nome ciyawa, ke kina shuka ta?" Har mai shayin bakin titi ya ce a kai ta a duba kanta. Ita dai amsarta ɗaya ce: ba a fafe gora ranar tafiya. Gamba ciyawa ce mai doguwar saiwa. Ko ta bushe a sama tana raye a ƙasa, muddin ba a cinye ta har gindi ba.

Sai ga shekarar fari. Ruwa ya ɗan taɓa ƙasa ya ɗauke. Ko'ina ya zama fako, filin Gwaggo kaɗai ya yi toho kore shar. Shanu sun rame, ƙashi duk a waje. Masu dabbobi suka taru a bakin shinge, ƙaninta na kan gaba riƙe da igiyar saniyarsa mai ciki.

Ya ce, "Yaya, buɗe mana. Ko so kike ta mutu a gabanki?"

Gwaggo ta zauna daram a ƙofar, lauje a cinya. Ta ce, "Ba zan buɗe ba. Bakin saniya mai yunwa ba ya barin gindi. Su ƙoshi yau, gobe kuma fa? Ku bari ta kai gwiwa, ni zan yanka in raba."

Aka kira ta marowaciya, mara imani. Ƙanin ya ce daga ranar ba shi ba ita. Abin da masu zagin ba sa son a tuna shi ne, nata awakin ma suna turke, ko tsinke ba ta ɗebo musu daga filin ba. A kwanakin nan tsohuwar akuyarta ta mutu, wadda jikokinta suka girma da nononta. Gwaggo ta yi kuka, da idona na gani, amma ƙofar ba ta buɗu ba.

Da gamba ta kai gwiwa ta shiga da lauje, tana yanka tana barin tsawon tafin hannu a kowane gindi. Dami-dami ta raba, har gidajen waɗanda suka zage ta. Gindin ya sake tohowa, ta sake yanka. Haka aka lallaɓa har ruwa ya dawo. Saniyar ƙaninta ta haihu lafiya, shi kuma ya daɗe yana sauya hanya don kunya.

Ke ce, Gwaggo, kika gwammace a zage ki da filin ya mutu. Ke ce shingen da ba ya huduwa. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya sassauta miki ciwon bayan nan. Ku kuma da ke da ɗan fili kuna jiran fari ya ƙwanƙwasa ƙofa, ku je ku roƙi gindi ɗaya ku dasa, ba ta hana kowa.

Shekaranjiya na leƙa filin. Ƙanin nan nata, shi ma da furfurarsa, shi ne duƙe da laujenta, ita tana kan kujera a bakin shinge tana lura da shi. Garin sauri ya kai lauje har ƙasa. Sai na ji ta ce:

"Ɗaga hannunka, ɗan gidanmu. Ganyen ne naka. Gindin na baɗi ne."

Ya ɗaga, ya ci gaba da yanka.